Kunnen Kaka na Hagu

Kafin ku fara yi mini ruwan zagi a ƙasan rubutun nan, ku bari in rantse muku da abu ɗaya: ni ban taɓa buɗe baki na ce wa Kaka ni nas ce ba. Kunnenta ne ya yi ƙaryar. Laifina kawai, na yi shekara takwas ina taya shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ga yadda abin ya faro. Makarantarmu ta gwamnati ce, amma ba irin wadda kowa ke karanta abu ɗaya ba. Ɗalibi na gama aji uku za a miƙa masa fom ya zaɓi sashe: jinya, injiniya, noma, kasuwanci ko kwamfuta. Shekara uku zai yi a sashensa, a ta ƙarshe a tura shi koyon aiki. 'Yan jinya asibiti ake kai su, mu kuma kamfanin ruwa ko na lantarki.

Ranar da na kawo fom ɗina gida ina 'yar sha biyar, Kaka, mahaifiyar Abbanmu, tana zaune a kujerarta ta bakin taga. Na durƙusa ta hagunta. Duk gidanmu an san kunnen nan na hagu ado ne kawai, amma ɗoki ya mantar da ni.

"Kaka, injiniya na zaɓa."

"Jinya?"

Kafin in sake buɗe baki tsohuwar nan ta miƙe ba sanda. Ta taɓa kwanciya wata guda a asibiti, wata nas ta riƙe ta kamar uwarta, tun daga nan ba ta da addu'ar da ta wuce Allah ya ba ta nas a cikin jikoki. Ta rungume ni tana hawaye. Na kalli Abba. Abba ya kalli silin. Mutumin da ke tuƙa babbar mota kwana uku a hanya ba ya jin tsoron komai, amma a gaban uwarsa ko tari sai ya nemi izini. Ya sa hannu a fom ɗin, ya ja ni kicin ya ce, "Duk wanda ya gyara mata, shi zai kwana a waje."

Shi ke nan. Na gama makaranta, na yi difloma, na dawo sashen da ya raine ni a matsayin malama. Kaka ta sa aka ɗinka mini farar riga mai aljihu biyu. Kullum da ita nake fita, ina shiga ɗakin injina in rataye ta bayan ƙofa in zura shuɗiyar rigar aiki. Da yamma in goge baƙin mai daga farce da tsohon burushin haƙori. Idan ƙamshin fetur ya biyo ni gida sai Kaka ta shaƙa ta ce, "Oh, warin asibiti. Sannu Nas ɗina."

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai Kaka ta haɗu da wata tela a layin masu awon jini, hira ta yi daɗi, kowacce ta baje kolin abin alfaharinta. Ita tana da ɗa nas. Kaka tana da jika nas. Me ya rage?

Shi nas ne na gaske, jama'a. Dogo, mai gilashi, mai magana a hankali kamar kullum akwai mara lafiya yana barci kusa. A wayata na sa masa suna Hawan Jini, don tun ranar da ya fara zama a falonmu nawa bai sauka ba. Wata uku kenan. Na shirya in ƙi shi, wallahi na shirya. Sai ga ni ina duba waya sau goma kafin in gama shayi.

To, mu zo kan jiya.

Jiya ce ranar zaɓen sashe, ranar da iyaye ke zuwa su zaga su ga abin da kowane sashe ke koyarwa, 'yan aji uku su miƙa fom kafin sha biyu. Autarmu tana cikinsu. Ita kuma, don Allah ya nuna mini iyakata, jinya take so tsakaninta da Allah. Tun tana ƙarama take ɗaure wa kyanwar gidanmu ƙafa da bandeji.

Ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali ruwan toka a kan doguwar rigata mai ɗigon fari, sai na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Na waiga. Kaka ce, ta sha rigarta mai ruwan zuma wadda ba ta fitowa daga akwati sai da dalili, ga mayafi mai duwatsu, ga turare har ya riga ta shigowa.

"Ina zuwa haka, 'yan mata?" na ce.

"Makarantarku. Ubanku yana hanya, uwarku tana da awo a asibiti. Ni zan raka Auta."

Ɗankwalin ya zame daga hannuna.

"Kaka, rana fa. Ga matattakala. Ga hayaniya."

"Na kira ƙawata ma, ta ce za ta rufe shago ta zo ta ga inda surukarta ke koyar da allura."

Na leƙa ɗakin Umma ina neman ceto. Ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Uwata ce fa, amma dariya take yi.

A cikin mota wayata ta yi ƙara.

Hawan Jini: *Malama Nas, an tashi lafiya? Albishirinki.*

Ni: *Faɗi kawai, yau ba ni da ƙarfin ja.*

Hawan Jini: *Asibitinmu ya turo ni makarantarku in yi wa ɗalibai bayanin aikin jinya. Yau teburi ɗaya za mu zauna ni da ke.*

Na karanta sau uku. Na rubuta "ina da magana", na goge. Na rubuta "ka yafe mini", na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne: *Allah ya kawo ka lafiya.* Ku faɗa mini, akwai matsoraciya irina?

Filin makaranta ya cika. An kafa rumfuna biyar. 'Yan noma sun jera tumatir ɗin da suka shuka a cikin bututu, 'yan kasuwanci suna ta tallar sabulun da suka haɗa, 'yan kwamfuta sun sa wani allo yana gaishe da duk wanda ya wuce. Rumfar jinya ta fi kowacce cika, ga ɗalibai cikin fararen kaya suna danna ƙirjin mutum-mutumin roba. Na hango dogon mutum mai gilashi yana gyara musu hannu. Na sunkuyar da kai na bi ta bayan ajujuwa kamar wadda ta saci kaza.

Dabarata mai sauƙi ce: in ɓuya a ɗakin injina har a tashi, in ce aiki ne ya riƙe ni. Na rataye farar riga, na zura shuɗiya. Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe sun yi wata biyu suna haɗa famfon da ke jan ruwa da hasken rana, ga kuma tsohon janareta da muka tayar daga mutuwa. Ina shiga cikinsu na manta da kowa. Ƙarfe sha ɗaya da rabi hannuna yana cikin injin har wuyan hannu, sai waya ta fara ruri a aljihu. Wata ɗaliba ta ciro ta kara mini a kunne.

"Yaya, ki zo." Muryar Auta ce.

"Me ya faru?"

"Muna teburin miƙa fom. Malamar ta tambayi sashe, Kaka ta ce a rubuta mini inda yayata ke koyarwa, ba ta son wani zance. Malamar ta duba sunanki ta rubuta injiniya."

"Ke ba ki da baki? Ki ce jinya."

"Na faɗa. Kaka ta ce ai shi ta ce. Malamar ta ce ba shi ta ce ba. Kaka ta ce yarinyar nan ba ta da kunya. Yaya, gurbi uku ya rage a jinya, kuma akwai mutum biyar a bayanmu. Malamar ta ce in ba wadda ta kawo ni ta canza da bakinta ba, hatimi za ta buga."

Ta ja hanci. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ko sifana ban san yadda ake riƙewa ba."

Na kalli agogo. Na kalli farar rigar da ke bayan ƙofa. Har na kai hannu, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Sai na ga yatsuna biyar baƙi ƙirin suna shirin sauka a kan farin yadin nan. Ko na sa ta, me zan ce a gaban malamar da muke karɓar albashi rana ɗaya? In bar ƙanwata ta yi shekara uku tana kuka a kan injin don kada a ga baƙin hannuna?

Na bar rigar a rataye. Na fita da gudu, sukundireba tana leƙe daga aljihuna.

Teburin yana ƙarƙashin bishiya. Kaka a kan kujerar roba, sanda a tsakanin ƙafafu. Kusa da ita wata mata fara, siririya, da tef ɗin awo yana leƙowa daga jakarta: Maman Hawan Jini. Auta a tsaye da jajayen idanu. Malamar fom ta ɗaga hatimi tana jiran hukunci. Shi kuma gogan, ban san lokacin da ya baro rumfarsa ba, yana tsaye a gefe ya harɗe hannu.

Kaka ta kalle ni sama da ƙasa, ta juya wajen ƙawarta.

"Mai gyaran wutar nan kamar jikata."

Na zaga. Na wuce hagunta, na je dama. Na durƙusa a kan ƙasa, na kai bakina daidai kunnen da ke aiki.

"Kaka, ni ce. In-ji-ni-ya. Injiniya na ce miki tun ranar nan. Injina nake koyarwa. Ban taɓa yi wa kowa allura ba, jini ma in na gani jiri nake ji. Auta ce mai son jinya. Don Allah ki ce a rubuta mata jinya kafin gurbi ya ƙare, sannan ki yi mini duk abin da kika ga dama."



Kaka ba ta kalle ni ba. Ta ɗaga sanda ta nuna fom ɗin.

"'Yar nan, goge. Rubuta jinya. Wadda ake yi wa mutane."

Hatimi ya sauka. Auta ta saki numfashi har da ɗan kuka. Sai a sannan Kaka ta juyo gare ni, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Shekara nawa?"

"Takwas."

"Ubanki ya sani?"

"Ya sani."

"Uwarki?"

Na gyaɗa kai.

"Wato duk gidan kuna zaune kuna kallona ina yawo gida-gida ina cewa ina da nas." Muryarta ta yi ƙasa. "Maƙwabciya ta kawo miki ɗanta da zazzaɓi kika ce a kai shi asibiti, na ce kai, yarinyar nan akwai bin doka."

Hawaye suka zubo mini. Na goge da bayan hannu, na manta abin da ke hannun. Auta ta ce daga baya na zama kamar wadda ta leƙa bututun hayaƙi.

"Kaka, tsoro na ji. Ranar nan kin yi murnar da ban taɓa gani ba."

Ta juya wajen Hawan Jini. "Kai kuma, ɗan nan, ka yi haƙuri. Ni na kawo maka kaya ba na dubawa."

Ya gyara gilashi. Wallahi murmushi yake dannewa.

"Kaka, ai ni tun ranar farko na sani."

Na ɗago kai.

"Kin tuna kin ce ta auna ki a gabana in ga ƙwarewa? Ta ɗaura miki abin awon a juye, robar tana kallon kafaɗa. Ko ɗan aji huɗu a rumfar can ba zai yi haka ba. Na ce a raina, wannan ba nas ba ce. Sai na'urar ta ƙi kamawa. Kafin in ce a sayi sabuwa, ta ciro fil daga ɗankwalinta, ta buɗe bayan, ta kankare wani abu, ta mayar. Minti uku. Fuskarta a lokacin nan…" Ya kalli takalminsa. "To, shi ya sa na dawo washegari."

"Wata uku kana ce mini Malama Nas," na ce.

"Ina jiran ki gaji ne. Kin fi ni taurin kai."

"Har da tambayata maganin ciwon kai?"

"Kika ce in duba ko wani abu ya kwance."

Malamar fom ta kifa kai a teburi. Auta da ke kuka yanzu ta koma riƙe ciki. Kaka kuwa ta dafa sanda ta miƙe.

"Kai ni in ga abin da aka ɓoye mini."

Haka muka jera har ɗakin injina, ni a gaba kamar mai laifin da za ta nuna inda ta binne kaya. Muna shiga ɗalibaina suka miƙe. "Sannu da zuwa, Malama." Su ashirin da biyu, tara mata. Na ga Kaka tana ƙirga matan da ido.

Na ce a kunna famfo. Aka juya faifan sola ya kalli rana ta taga, ruwa ya taso daga durom ya zubo ta bututu. Kaka ta tara hannu, ta shafa a fuska. Ta nuna janareta.

"Wannan fa?"

"A mace aka kawo shi. Shekara biyu yana kwance a ɗakin ajiya. Mu muka tayar da shi."

"Yaya kike sanin abin da ke damunsa? Ai ba ya magana."

"Yana yi, Kaka."

Na sa aka tayar da shi. Na zaro sukundireba, na ɗora bakinta a jikin injin, na kara ƙotar a kunnena, yadda malamina ya koya mini ina 'yar sha shida. Ta haka ake jin abin da ke bugawa a ciki, ko lafiya ko akwai inda ke ci. Kaka ta matso. Na kara mata ƙotar a kunnen dama.

Idanunta suka buɗe. Ta daɗe tana saurare, bakinta yana motsi kamar mai ƙirga.

"Zuciyarsa ce wannan?"

"Kusan haka."

"A kwance aka kawo shi, kika saurari ƙirjinsa, kika ba shi abin sha, ya tashi."

"Eh."

Ta miƙa mini sukundireba, ta gyara mayafi, ta juya wajen ƙawarta da ɗalibai da duk wanda ke da kunne.

"To ina ƙaryata? Jinya na ce tana yi, jinya take yi. Inji-jinya. Ku ne ba ku iya faɗa ba."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Na rungume ta, na bar mata tambarin yatsu biyar a kafaɗar rigar ruwan zuma. Ta ce ubana ne zai wanke da hannunsa in ya dawo, kuma a waje zai kwana.

Cikin wannan murnar ne na waiga neman Maman Hawan Jini. Tun daga teburin fom ba ta furta kalma ɗaya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon farar rigar da ke rataye, ta shafa ɗinkin aljihun da yatsa. Sai a lokacin na tuna Kaka ta taɓa cewa sabuwar rigar bana ƙawarta ce ta ɗinka, kyauta, don surukarta nas. Ta saki rigar, ta rataya jaka, ta fita. Ko sallama.

Na dawo gida jikina a sanyaye. Auta tana ta yawo da takardar shaidar gurbinta, ta nuna wa Umma, ta nuna wa kyanwa. Kaka ta kira mutum huɗu a waya tana sanar da su cewa yanzu tana da nas ta mutane da nas ta ƙarfe. Ni kuwa ina gefen gado da waya a hannu. Na tura masa *Mama ta yi fushi ko?* Alamar ya karanta ta fito. Ba amsa. Minti goma. Ashirin. Na wanke farce sau biyu don in sami abin yi.

Wajen ƙarfe biyar aka yi sallama. Shi ne, ya rungumo wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsohon zanen gado. Ya dire a tsakiyar falo yana haki, ya yaye. Kan keken ɗinki ne, baƙi, irin na da, zanen zinariyar jikinsa duk ya goge a inda hannu ke taɓawa.

"Mama ta ce in kawo miki mara lafiya. Da shi ta fara sana'a, ba ta bari ko ni in taɓa. Ta ce yau da rana ya fara tsinka zare."

"Yau da rana?"

"Haka ta ce." Ya miƙo mini 'yar takarda. Rubutun fensir ne, irin wanda teloli ke rubuta awo da shi: *An ce ba ki iya allura ba. Mu gani.*

Na zauna a ƙasa na jawo keken. Kaka ta matso da kujera, ta juyo kunnen dama. Na juya tayar da ke gefen keken da hannu, na saurara. Lafiya lau, ko ƙara babu, an sha mai an goge. Na zura zare na gwada a kan ƙyalle. Ɗinki biyu, zare ya tsinke. Na sake. Ya tsinke. Na sunkuya na haska da fitilar waya.

Sai na ji dariya tana taso mini tun daga ciki.

Allurar ce. A juye aka saka ta, tsagin yana kallon inda bai kamata ba. Matar da ta yi shekara talatin a kan keke ba ta saka allura a juye bisa kuskure. Na ɗago na kalli Hawan Jini. Yana ta nazarin silin ɗinmu, irin kallon da Abba ke yi.

"Ka ba ta labarin abin awon jini."

"Ai a gabanta na faɗa."

Na kwance, na juya allurar, na ɗaure. Na ɗauko farar rigar nan da na dawo da ita a jaka, na sa gefenta a ƙarƙashi, na juya. Layi ya tafi santal, ba tsalle ba tsinkewa.

"Ga shi nan," in ji Kaka. "Nas ɗina ta yi allura."

Ya ɗauki hoton ɗinkin ya tura wa mamansa. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayata ta fara ruri a kan kafet. Baƙuwar lamba. Ya leƙa, ya gyara gilashi.

"Mama ce. Tun ɗazu tana cikin mota a ƙofar gida, da tef ɗinta. Ta ce shuɗin yadi ta taho da shi, amma sai ta ji muryarki tukuna."

Na goge hannu a jikin riga. Na ɗauki wayar, na kai ta kunnen hagu, sai Kaka ta buge mini hannu da sanda.

"Dama, 'yar nan. A gidan nan ba a ƙara karɓar magana da hagu."